Kalma biyu ta Ingilishi ta ɓata mana cinikin aya

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Wata magana ce ta hana ni barci kwana uku ke nan, na ga gara in kawo ta nan, tunda akwai malamai da waɗanda suka daɗe suna hulɗa da mutanen Najeriya.

Ina aiki nan Maradi, a Nijar, wurin ƙanen mahaifina, yana sayen aya da riɗi yana kaiwa Kano. Shi bai yi lakkol ba. Ni kuma Ingilishina ɗan abin da aka koya mana ne a koleji, sai wanda na tsinta tsakanin Jibiya da Katsina. Amma ni ke karanta masa saƙonni. Ranar Lahadi wani mutumin Legas da muke neman fara hulɗa da shi ya turo saƙo, ya faɗi kuɗin da kamfaninsu zai sayi buhu, da yawan tirelar da suke so kafin ƙarshen wata. A ƙasa ya rubuta: I am telling you this in confidence. Ni abin da na sani da confidence shi ne ƙarfin gwiwa da tabbaci. Sai na ce wa Baba, mutumin ya ce yana faɗa maka wannan da cikakken tabbaci, babu kokwanto.

Baba ya ji daɗi. Litinin yana zaune bisa benci a ƙofar sito, dillalai sun kewaye shi ana shan shayi, ya faɗa musu farashin, har da sunan kamfanin. Kafin la'asar masu aya sun ƙara kuɗi. Talata mutum biyu sun samu lambar kamfanin sun ce za su kai ƙasa da namu. Laraba mutumin ya turo layi ɗaya, ya ce ya ɗauka da amintattu yake magana. Tun daga nan bai sake ɗaukar wayarmu ba.

Baba bai zage ni ba, ko murya bai ɗaga ba. Cewa kawai ya yi, ashe amana aka ba ni na kai ta kasuwa. Wannan maganar ta fi mini duka zafi. Don Allah a fayyace mini waɗannan kalmomi, secret da private da confidential da danginsu, don kada in sake jefa dattijo cikin kunya.

Mushen Ingilishi:
Wa alaikumus salam. Sannu ƙanena, Allah ya mayar da alheri. Ba kai kaɗai wannan kalma ta kayar ba, duk shekara sai ta kayar mini da ɗalibai.

Confidence fuska biyu gare ta, kuma ƙaramar kalmar da ke gabanta ce ke nuna wadda ake nufi. In aka ce with confidence, to ƙarfin gwiwa ne, kamar yadda ka fahimta. In aka ce in confidence, to an ce maka daga ni sai kai. Tushen kalmar Latin ne, fides, wato yarda da aminci. Wanda ka yarda da shi shi kake buɗe wa cikinka, shi ya sa ma'anonin biyu suka fito daga uwa ɗaya. Faransanci ya raba su gida biyu, confiance daban, confidence daban, Ingilishi kuwa ya zuba su a ƙwarya ɗaya. Da Faransanci ya faɗo maka a rai lokacin, da ka tuna en confidence ka tsira. Amma ta ɗaya gefen Faransancin ke kayar da mu: confident a Faransanci amini ne wanda kake faɗa wa sirrinka, a Ingilishi kuwa confident mai ƙarfin gwiwa ne, aminin sai an rubuta shi da a, confidant.

Ukun da ka tambaya kuwa, ga yadda nake koya wa yara. Secret abin da aka ɓoye ne, ko da mutum ɗaya ne ya san shi. Asalinta abin da aka ware gefe, kuma daga nan sakatare ya samo suna, wato mai riƙe abin da aka ware. Private ba lallai ne ya zama ɓoyayye ba. Kowa a unguwa ya san inda turakar maigida take, ba wanda ya ɓoye ta, amma ba mai kutsa kai. Confidential kuwa ba ta yiwuwa sai da mutum biyu: mai bayarwa da mai riƙewa. Shi ya sa ni a wurina fassararta ta gaskiya amana ce. Ka ga Alhaji da bai yi lakkol ba, kalmar da ta fito bakinsa ita ce daidai.

Tsohon Sakatare:
Mushe, na yarda da rabin maganarka. Na yi shekaru ina aikin buro kafin in huta, kuma duk takardar da aka buga wa jan hatimi confidentiel, takardar sirri muke ce mata. Haka gidajen rediyo ke faɗi har yau. In ka ce wa masinja ga takardar amana, zai ɗauka kuɗin marayu ne ko ajiyar wani. Amana ta yi faɗi da yawa.

Kuma a aikin hukuma kalmomin nan matakai ne, ba zaɓin marubuci ba. A Amurka hawa uku ne: Confidential shi ne na ƙasa, sai Secret, sai Top Secret. Mutane da yawa na ɗauka confidential ta fi secret nauyi saboda ta fi tsawo, alhali ita ce ƙarama. Dukkansu kuma ana kiran su classified. Ingila tun 2014 ta koma Official da Secret da Top Secret. Faransa ma a 2021 ta ajiye Confidentiel Défense ɗin da muka saba ji, ta bar Secret da Très Secret. In shekaru suka ja aka buɗe takarda ga jama'a, an yi declassified. In an buɗe amma an shafe wasu layuka da baƙin tawada, wannan redacted ne.

A zamaninmu ambulan biyu ake sa irin wannan takarda. Ta ciki ke ɗauke da hatimin, ta waje fara fat, don kada mai ɗauka ya san nauyin abin da ke hannunsa. Wanda ya karɓa sai ya sa hannu a littafi, da rana da lokaci. Ni na buga takardu da yawa da hannuna waɗanda har matata ba ta taɓa jin ko kalma ɗaya daga cikinsu ba.

Mushen Ingilishi:
Baba, to me ya hana ka faɗa wa Inna? Jan hatimin ne, ko abin da ke zuciyarka? Takardar sirri ce, na yarda. Amma abin da ke tsakaninka da wanda ya miƙo maka ita, shi nake kira amana.

Tsohon Sakatare:
Duka biyun. Har da tsoron kurkuku, kada mu ɓoye.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni ban san Ingilishi ba, amma na san kasuwa. Ɗana, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba raina babanka nake ba. Ko da ba a rubuta komai a ƙasan saƙon ba, farashin da mai saye ya ba ka ba abin faɗa ba ne a gaban dillalai. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ka duba kasuwar bisashe: dillali zai ja mai saye gefe su yi raɗa, ya dawo ya ja mai akuya gefe su yi raɗa, kowa bai ji na wani ba sai an ce albarka. Uwar adashenmu ta san wadda ta kasa zubi a wannan sati, ta cike mata daga nata, har aka kwashe ba wadda ta sani. Waɗannan ba su karanta ko bihim ba.

Don haka kada ka ɗora wa kanka kayan duka.

Ɗan Bagalam:
Na gode Hajiya, amma Baba mutum ne mai zurfin ciki. Abin da ya sa ya faɗa, yana bin wasu daga cikin dillalan kuɗi kuma yana son su saki kaya bashi, sai ya nuna musu cewa kasuwa tabbatacciya ce. Ni na ba shi kalmar tabbaci, da ita ya yi aiki. Da na ce masa amana ce, ko wuƙa aka sa masa ba zai furta ba.

Almajirin Limanci:
Allah ya saka wa kowa. Ina bayan Mushe, kuma ga dalilina. Akwai hadisin Jabir da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa in mutum ya yi maka magana sannan ya waiwaya, to maganar amana ce. Ku lura, bai ce maka kada ka faɗa ba. Waiwayen nan kaɗai, duba dama da hagu don ya ga ko wani na ji, ya wadatar. Mu da muka tashi a zaure mun san wannan: dattijo zai sassauta murya, ya matso da buzunsa, ya dafa gwiwarka. Ba sai an ƙara komai ba.

To a saƙon salula babu waiwaye, babu sassauta murya. Shi ya sa mutumin Legas ya rubuta in confidence. Waiwayensa ke nan, a rubuce. Ɗan'uwanmu bai ga waiwayen ba saboda da baƙin harshe aka yi shi.

Sannan mu duba namu kalmomin, don su ma ba ɗaya ba ne. Sirri daga Larabci muka aro. Asiri ma daga can ne, amma da ya zauna a bakin Bahaushe sai ya ɗauki wasu kaya: ana cewa an yi wa wane asiri, wato sammu, ana kuma cewa Allah ya rufa asiri. Huzaifa ɗan Yamani ana masa laƙabi da ma'abocin sirrin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda an faɗa masa sunayen munafukai ya riƙe. Kuma shari'a ba ta bar raɗa sakaka ba: a Buhari da Muslim an hana mutum biyu su keɓe da raɗa su bar na ukunsu, don kada ransa ya ɓaci.

Madam ta Likita:
Malam ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ina aikin jinya, kuma yanzu takardu da yawa na ƙungiyoyin agaji da Ingilishi suke zuwa, ga marasa lafiya da ke tsallakowa daga Najeriya. Kalma biyu da na ga ma'aikata na gwamutsawa su ne confidential da anonymous. Anonymous ba a karɓi sunanka ba sam, ko mu ba mu san ko wace ce ba. Confidential mun karɓi suna, mun rubuta, amma yana cikin kabad a kulle. In ka ce wa mace ba za a san sunanta ba alhali ka rubuta shi, ka yaudare ta ko da ba ka yi niyya ba.

Akwai ranar da ba na mantawa. Wata yarinya, ba ta fi shekara 19 ba, aka yi mata gwajin jini a awon ciki. Uwar mijinta ce ta rako ta. Da sakamako ya fito na ja labule na zauna da yarinyar ita kaɗai. Tsohuwar tana waje, ina ganin ƙafafunta ta ƙasan labulen, ta matso har yatsunta na taɓa shi. Na rage murya har sai da na kai bakina kunnen yarinyar. Da muka fito tsohuwar ta riƙe mini hannu, ta ce ɗiyata, ni na biya kuɗin kabu-kabu, ni ke ciyar da ita, ki faɗa mini. Na ce Inna, ki yi haƙuri, maganar tata ce, in ta so ita za ta faɗa. Ta yi fushi ƙwarai, ta ce na raina ta. Har yau in mun haɗu ba ta amsa gaisuwata da kyau. Amma yarinyar ta ci gaba da zuwa karɓar maganinta, ta haihu lafiya. Da na buɗe baki ranar, ban san inda za ta kwana ba.

Labulen nan shi ne privacy. Bakina da na kama shi ne confidentiality. Abin da yarinyar ta samu kuwa rufin asiri ne, kuma na duba, ban ga kalmar Ingilishi ko Faransanci da ta ɗauke shi duka ba.

Ɗalibar Jami'a:
Madam, Allah ya biya ki. Mun taɓa yin wannan gardamar a aji da ƴan Najeriya da ke karatu nan Maradi. Wasu suka ce dignity, wasu suka ce discretion. Babu wanda ya gamsu. Don in Bahaushe ya ce wane yana da rufin asiri, yana nufin yana da abin da zai ci da iyalinsa ba tare da ya roƙa ba. In ya ce a yi wa yarinya aure a rufa mata asiri, wata ma'ana ce kuma. Kalma ɗaya ta haɗa abinci da sutura da mutunci.

Mushe, ina da tambaya. Wata malama ta rubuta mini takardar shaida ta ce ni discreet ce. Yabo ne? Don na ga wata kalmar secretive, na rasa bambancinsu.

Mushen Ingilishi:
Yabo ne babba, ɗiyata. Discreet mai kama baki ne, wanda ya san abin faɗa da abin bari. Secretive kuwa zargi ne: mai ƙumbiya-ƙumbiya, wanda ke ɓoye har abin da ya kamata a sani. Ki kula da rubutu, akwai discrete mai e a ƙarshe, lafazinsu ɗaya amma ita tana nufin abin da ke rarrabe, a lissafi aka fi ganinta.

Bagobirin Tibiri:
Ni duk wannan bai kwanta mini ba. Mutum yana garinsa, da kayansa, da kuɗinsa, sai a turo masa saƙo da harshen da bai sani ba, in ya yi kuskure kuma a ce shi ne mai laifi? Wanda ke son aya shi ya kamata ya nemo mai Hausa ya rubuto. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasarmu Nijar ta ce Hausa ce harshen ƙasa. Muna da sirri, asiri, amana, raɗa, ganawa, sakayawa, zaurance, habaici. Me muka rasa da za mu zauna muna haddar na wasu?

Hajiya Mai Atamfa:
Ɗan'uwa, mai kaya ke bin mai kuɗi. Ni da na je Kwatano sai da na koyi ƙirga da harshensu.

Mushen Ingilishi:
Yaya, ba mu rasa komai ba, kuma lissafin da ka kawo ya fi na Ingilishi daɗi a kunnena. Amma dokar da ka ambata ita ce kuma ta ce Ingilishi da Faransanci harsunan aiki ne. Ga layin dogo ana shimfiɗawa daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa nan. Ranar da ya fara aiki takardun kaya da kwangiloli da Ingilishi za su riƙa zuwa, kuma ƴaƴanmu ne za su karanta wa iyayensu. Gara su san inda ramin yake.

Bagobirin Tibiri:
To a koya, amma a riƙa faɗin na Hausa tare. Kada yaro ya san confidential ya manta amana.

Mai Rediyo:
A aikinmu na jarida kalmomin nan su ne jari. Wanda ya fi yawo shi ne off the record. Jami'i zai ce maka kashe na'urarka, sai ya faɗa maka gaskiyar lamari. Ma'anarsa ka ji don ka fahimta, amma ba ka watsawa. Ƙa'idarsa kuma sai an yi yarjejeniya kafin a yi maganar. Na sha ganin wanda zai saki baki minti goma, da ya ga ya yi nisa sai ya ce af, wannan off the record ne. Magana zarar bunu ce. Duk da haka, in baƙauye ne da bai san ƙa'idar ba, ni ina rufa masa asiri, don bai san da wa yake magana ba.

Akwai embargo, wato an ba ka labari amma kada ka saki sai ƙarfe kaza. Akwai ƙa'idar Chatham House, sunan wata cibiya ce a Landan, tun 1927 take: ka yi amfani da abin da ka ji a taro amma kada ka ce wane ne ya faɗa. Takardun gayyata na ƙungiyoyi kan zo da ita, mutane su sa hannu ba su san abin da suka ɗauka ba.

Sai ɓangaren fitarwa. Leak asalinta yoyo ne, kamar tulu ya tsage ruwa na tsiyaya, wato bayani ya fita ta ɓarauniyar hanya. Whistleblower kuwa mai busa usur ne, ma'aikacin da ya ga ɓarna a cikin gida ya kwarmata. Najeriya ta fito da tsari a Disamban 2016 na ba mai kwarmato kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato. Edward Snowden da ya fitar da takardun leƙen asirin Amurka a 2013, masu goyon bayansa whistleblower suke ce masa, gwamnatinsu kuma ta tuhume shi da dokar leƙen asiri, ya ƙare a Rasha. Kalmar da ka zaɓa ita ke nuna ɓangaren da ka tsaya. Haka yake a Hausa: mai fallasa ɓarna daban, mai tonon asiri daban, ɗan tsegumi daban, ko da abu ɗaya suka faɗa.

Mai Gyaran Salula:
Ni ta wajen waya zan yi magana. A saman kowace hira ta WhatsApp akwai rubutu cewa saƙonni end-to-end encrypted ne. Tun 2016 suka sa wannan. Abin da yake nufi, saƙon na fita wayarka a kulle, ba ya buɗewa sai a wayar wanda ka tura wa, ko kamfanin ba ya iya karantawa a hanya. Gaskiya ne. Amma mutane na ɗauka shi ke nan asiri ya rufu. Kullen nan, hanya ya tsare, bai tsare mutum ba. Wanda ka tura wa zai iya ɗaukar hoton allon, zai iya turawa guruf, zai iya karantawa da ƙarfi a majalisa kamar yadda ya faru da Alhaji.

Kullum sai an kawo mini waya gyara, a ba ni lambar buɗewa a tafi kasuwa. Komai na mutum na ciki, hotunan iyalinsa, saƙon bashi, muryar matarsa. Maigidana da ya koya mini aiki ya ce in allo ya kunna ka gwada taɓawa da kira, ka kife ta. Na kori yaro guda daga shago saboda na same shi yana duba hotunan wata mata. Ku tuna kuma tun 2019 akwai dokar laifukan intanet a ƙasar nan, tura abin wani ba da izininsa ba na iya kai mutum gaban alƙali.

Masu aika imel kuma ku san Cc da Bcc. Duk wanda ka sa a Cc kowa na ganin sunansa. Na Bcc a ɓoye yake, shi ne Cci a Faransanci.

Mushen Ingilishi:
Tunda an zo maganar kulle saƙo, Yaya na Tibiri zai ji daɗin wannan. Cipher, wato rubutun da aka juya don kada a gane, daga Larabci ta fito, sifr, ita ce dai sifilinmu. Chiffre na Faransanci ma daga nan ne. Kuma littafi mafi daɗewa da aka sani kan warware irin wannan rubutu, Alkindi ne ya rubuta shi a Bagadaza a ƙarni na 9.

Uwar mijin da Madam ta ba mu labari kuwa, abin da ta yi shi ne eavesdrop, laɓe. Asalin kalmar wurin da ruwan sama ke zuba daga bakin rufi ne, wato mutum ya tsaya ƙarƙashin indararo jikin bango yana saurare. In kuwa wucewa kake magana ta faɗo kunnenka ba ka nema ba, wannan overhear ne, ba laifinka.

Ƙanena na Bagalam, waɗanda za ka fi gamuwa da su a saƙon ciniki su ne between you and me, da keep it to yourself, da for your eyes only, da do not disclose. Duk ɗaya suke nufi da wadda ta kayar da kai. In ciniki ya girma za su turo takarda mai suna NDA, alkawari ne a rubuce cewa ba za ka fitar da bayaninsu ba, kuma in ka saɓa kotu ce. Kada Baba ya dangwala hannu sai wanda ya iya ya karanta masa layi-layi.

Tsohon Sakatare:
A ƙara da gargaɗi. Ba duk wanda ya rubuta strictly confidential ne mutumin kirki ba. Ƴan damfarar nan da ake kira 419, sunan sashen dokar Najeriya ne da ke hukunta zamba, da wannan kalmar suke buɗe wasiƙa. Su ce akwai dukiya, su ce kada ka faɗa wa kowa. Dalilin hana ka faɗa shi ne kada mai hankali ya farkar da kai. Na san wani maƙwabcina da ya sayar da fili a haka, sai da kuɗi suka tafi sannan ya iya buɗe baki.

Almajirin Limanci:
Haka ne Baba. Maganar da za ta cutar da wani in an riƙe ta, ba amana ba ce. Wanda ya raɗa maka cewa zai zalunci wane, faɗar ita ce wajibi.

Madam ta Likita:
Shi ne bambancin rufin asiri da rufa-rufa. In ma'aikaci ya ba da magani ba daidai ba aka haɗa baki aka gyara takarda, wannan a Ingilishi cover-up ne, kuma na ga ana fakewa da confidentiality a yi shi. Sirrin mara lafiya don mara lafiya aka yi shi, ba don a kare mu ba.

Ɗan Bagalam:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa Baba maganar Malam ta waiwaye, ya yi shiru ya daɗe. Yanzu ina son in rubuta wa mutumin ban haƙuri. Mushe, yaya zan ce?

Mushen Ingilishi:
Gajere, kada ka yi kwana-kwana. Abin da yake ganin kun yi sunansa breach of confidence, cin amana ke nan. Ka faɗa masa gaskiya cewa kai ne mai fassara, ka fahimci in confidence a matsayin with confidence, kuma Alhaji bai san an ba shi riƙo ba. Ka turo mini ta gefe in duba kafin ka aika.

Hajiya Mai Atamfa:
Takarda kaɗai ba za ta yi ba, ɗana. Wa ya haɗa ku da shi tun farko?

Ɗan Bagalam:
Wani dattijo ne a kasuwar Dawanau ta Kano, abokin Baba tun suna samari.

Hajiya Mai Atamfa:
To shi za ku sa gaba. Babanka ya taka da ƙafarsa ya same shi, kada ya kira a waya. Ka bi shi, ka faɗi kuskurenka da bakinka a gaban dattijon. Ku riƙe masa ɗan abin hannu.

Ɗan Bagalam:
Baba ya amince. Asabar da asuba za mu kama hanyar Ɗan Isa zuwa Kano in Allah ya yarda. Ya ce in sa aya mai kyau a ƙaramin buhu, wadda aka tankaɗe aka tsince, a kai wa mutumin samfur ta hannun dattijon. Mushe, na turo maka saƙon, layi biyar ne. Ka duba mini na uku, ban tabbata da yadda na rubuta breach ba.